Hukuncin Kiwon Aku a Gida da Haƙƙinsa a Kan Mai Shi

Tambaya

An ba ni kyautar aku, irin mai launin toka da jar wutsiya. Yara sun shaƙu da shi, har ya fara kwaikwayon sallama. Sai wani ɗan'uwa ya ce mini tsare tsuntsu a keji zalunci ne, kuma za a tambaye ni a kansa gobe ƙiyama. Shin kiwonsa ya halatta? Idan ya yi sallama wajibi ne in amsa? Kashinsa najasa ne?

Amsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Kiwon aku a gida ya halatta a wurin mafi yawan malamai, ko don kyawunsa ne ko don jin muryarsa. Amma ɗan'uwan naka bai yi kuskure ba a rabin maganarsa: lallai za a tambaye ka. Halaccin yana rataye ne da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi nauyi a kan aku fiye da kan kaza ko tantabara.

Dalilin halacci

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa yana da ƙane ƙarami mai suna Abu Umair, wanda yake da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Annabi sallallahu alaihi wa sallam idan ya ziyarce su yakan tsokani yaron, ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa. A wata ruwayar ma an ambaci cewa tsuntsun ya mutu, Annabi ya tarar da yaron cikin baƙin ciki, ya lallashe shi. Bai taɓa umartar a saki tsuntsun ba, kuma shi ba ya yin shiru a kan abin ƙi. Ibn Hajar a cikin Fathul Bari ya kawo cewa Ibnul Ƙass, wani malami Bashafi'e, ya ciro fa'idoji sittin daga wannan hadisi guda, daga cikinsu akwai halaccin ajiye tsuntsu a keji da halaccin kashe kuɗi a kan abin da yaro zai yi wasa da shi na halal. Malaman Shafi'iyya da na Hanbaliyya kuma sun ambaci aku da sunansa cikin tsuntsayen da ya halatta a saya don muryarsu.

Ba kowa ne ya tafi a kan haka ba. An ruwaito cewa Ibn Aƙil daga cikin Hanbalawa ya ƙyamaci tsare tsuntsu don jin daɗin kukansa, yana ganin hakan wauta ce da girman kai, domin kukan da kake jin daɗinsa wataƙila kukan begen tashi ne. Maganar jamhuru ita ce mafi ƙarfi saboda hadisin Anas. Sai dai wanda ya taɓa ganin aku ya tsige gashin ƙirjinsa da bakinsa saboda kaɗaici, zai gane abin da Ibn Aƙil ya hango.

Sharaɗin da halaccin ya rataya a kansa

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an azabtar da wata mata a wuta saboda kyanwa da ta ɗaure har ta mutu: ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Lura da kyau, ba ɗaurewar kaɗai aka ambata ba, an haɗa ta da hana abinci. Daga nan malamai suka fahimci cewa duk wanda ya tsare mai rai, ya ɗauke masa neman abinci, to ciyarwar ta dawo wuyansa. Jamhurun malaman fiƙihu, ciki har da Malikiyya, sun ce alƙali yana iya tilasta wa mai dabba ya ciyar da ita ko ya rabu da ita. Ka ga kenan wannan haƙƙi ne tabbatacce, ya wuce kyautatawa ta ganin dama.

To amma mene ne ciyar da aku? A nan mutane da yawa suke shiga laifi ba da saninsu ba.

Akun da kake da shi tsuntsun kurmi ne. Asalinsa dazuzzukan Kamaru da Gabon da Kwango da kudancin Nijeriya, inda yake cin kwakwar manja da 'ya'yan itatuwa da tsaba iri-iri. A gidajenmu kuwa sai a zuba masa gyaɗa safe da yamma, shekara da shekaru. Gyaɗa tana da mai da yawa, ba ta ƙunshi abin da jikinsa yake buƙata ba, kuma idan ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Ka mayar da ita abin marmari, ƙwaya kaɗan a yini. Ka haɗa masa gero da dawa da dafaffiyar masara da dafaffen wake, da karas, da gwanda, da mangwaro, da gwaiba, da ganye kamar alayyafo, duk a wanke su tas. Wannan nau'i na aku an san shi da ƙarancin sinadarin kalsiyam a jini, abin da kan sa shi ya faɗo daga kan sandarsa yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. Yana buƙatar hasken rana na safe kai tsaye, domin wanda ya ratso ta gilashin taga ba ya amfanar da shi ta wannan fuska, amma ka bar masa inuwar da zai fake a ciki. Ruwan sha kuma a sauya kullum, don yakan jiƙa abinci a ciki.

Akwai abubuwan da ke kashe shi alhali a wurinmu abinci ne: fiya, wato abokado, da cakulan, da kofi, da shayi, da abinci mai gishiri da yawa, da albasa. Goro ma yana cikinsu, don yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi da cakulan. Ka faɗa wa baƙi da tsofaffin gida, saboda su ne sukan gutsura masa don wasa.

Ke kuma uwargida, wannan ya fi shafar ki. Huhun tsuntsu ba ya jure abin da namu yake jurewa. Hayaƙin turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da na fesawa, da hayaƙin gawayi ko na janareta, duk suna cutar da shi. Tukunya ko kaskon suya irin wanda abinci ba ya kamawa a cikinsa, idan ya yi zafi sosai a kan wuta, yana fitar da tururin da ba a gani, wanda ke iya kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci. Kada kejin ya zauna a kicin ko kusa da shi, kuma idan za a turara ɗaki a fitar da shi sai iska ta wanke wurin.

Keji ya zama mai faɗin da zai buɗe fikafikansa biyu ya kaɗa su ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. Ɗan kejin da ake sayar da shi a ciki na ɗauko shi ne zuwa gida, ba mazauni ba ne. A guji waya mai tsatsa ko mai fenti da ke ɓantarewa, domin aku komai sai ya gwada da baki. Da bazara a riƙa yayyafa masa ruwa, da hunturu a kare shi daga iska mai sanyi da ƙura, da dare kuma a bar shi ya yi barci a duhu kamar awa 10 zuwa 12.

Sauran haƙƙi guda, wanda ba a zuba shi a kwano. Aku a daji cikin garke yake rayuwa, kuma Allah ya ba shi kaifin fahimta. Wata mai bincike a Amurka, Irene Pepperberg, ta shafe shekara 30 tana nazarin wani aku irin naka mai suna Alex, wanda ya mutu a 2007. Ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launuka, yana ƙirga abubuwa kaɗan. Halitta irin wannan idan aka rataye ta a lungu babu mai kula ta, takan kamu da damuwa, ta yi ta ihu, ta tsige gashinta. Ka riƙa fito da shi kullum a ɗaki rufaffe bayan an kashe fanka, ka yi masa magana, ka ba shi reshen itace ya gwaguya. Rage tsawon gashin fiffike don kada ya ɓace yana cikin abin da malamai suka halatta, amma gashi ake nufi, ba nama ko ƙashi ba, kuma ya fi kyau likitan dabbobi ya yi, don sabon gashi yana da jini a cikinsa. Amma tsige jan gashin wutsiyarsa don a sayar wa bokaye, wannan ya haɗa azabtarwa da taimakawa a kan saɓo.

Sallamarsa da maganarsa

Yawancinmu mun tashi da labarin Waziri Aku na cikin Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam, shi ya sa muke ɗaukar aku kamar mai hankali da hujja. A shari'a ba haka yake ba. Ba mukallafi ba ne, kuma furucinsa ba ya ɗaukar hukunci. Amsa sallamarsa ba wajibi ba ce. Idan ka amsa don yara su saba, babu laifi. Idan ya kwaikwayi kiran salla ba a amsa masa, ba a kuma dogara da shi wajen shigar lokaci. Malaman Hanafiyya sun ambata ƙarara cewa wanda ya ji ayar sujada daga bakin tsuntsu ko daga amsa-kuwwa, sujadar tilawa ba ta hau kansa ba.

Koya masa sallama ko kalma mai kyau babu komai. Ayoyin Alƙur'ani kuwa abin da ya fi shi ne a bari, domin zai yanke aya a inda bai kamata ba, ya cakuɗa ta da fito da kukan waya, mutane su yi ta dariya, Littafin Allah kuwa ya fi ƙarfin a mayar da shi abin nishaɗi. Koya masa ashar ko sunan wani don izgili, zunubin yana kan wanda ya koya. Kuma ko ba ka koya masa ba, abin da ya fi ji a gidan shi zai maimaita a gaban surukai. Idan ihunsa yana hana maƙwabci barci, ka sauya masa wuri, don haƙƙin maƙwabci yana gaba da sha'awarka.

Kashinsa da sauran ruwansa

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen ƙasar Hausa suke bi, duk tsuntsaye halal ne a ci, kashin abin da ake cin namansa kuma mai tsarki ne matuƙar ba najasa yake ci ba. Saboda haka kashin akun da kake ciyarwa da tsaba da 'ya'yan itace ba ya ɓata salla idan ya taɓa tufa ko darduma. Shafi'iyya suna ganin kashin kowace dabba najasa ne. Wanke shi ya fi, don fita daga saɓani. Ruwan da ya sa baki a ciki mai tsarki ne.

Tsarki a fiƙihu dai ba ya nufin babu cuta. Busasshen kashin aku yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kama mutum ta numfashi, ta zo da zazzaɓi da ciwon kai da tari. A jiƙa shi kafin a share, a wanke hannu, kada kuma a ba shi abinci baki da baki. Wanda ya kamu da irin wannan zazzaɓi ya gaya wa likita cewa akwai tsuntsu a gidan.

Daga ina ya fito?

Wannan ga mai niyyar saye ne. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana kaɗa fikafikai a kansu. Da Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya dawo, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Yawancin akun da ke kasuwanninmu daga daji aka kamo su: ko an kwashe su daga kogon itace suna ƙanana, ko an kama su da sanda mai danƙo, da yawa kuma suna mutuwa a hanya kafin ɗaya ya iso. Wani bincike ya ƙiyasta cewa Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na wannan tsuntsu tun daga 1992. A 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya da Nijar suke ciki, sun haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Bin hukuma a dokar da ta kafa don maslaha wajibi ne, kuma kuɗinka shi ne ke mayar da mai tarko daji. Idan har za ka saya, ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo.

Kai da aka ba kyauta, kada ka buɗe keji ka sake shi da sunan tausayi. Akun da ya saba da hannu, aka sake shi a Kano ko Damagaram, inda babu kurmi babu garkensa, yunwa ce ko shaho ko yara masu danƙo za su gama da shi. Ka riƙe shi da kyau, ko ka miƙa shi ga wanda ya fi ka iyawa.

Ka kuma sani irin wannan aku yakan rayu shekara 40 zuwa 60 idan ya samu kulawa. Zai iya ganin auren yaran da suke wasa da shi yau. Idan za ka tafi Hajji ko Umra ko wata doguwar tafiya, sai ka damƙa shi ga amintacce, ka koya masa abin da ake ba shi da abin da ba a ba shi. Babu zakka a kansa sai idan na kasuwanci ne. Idan mai shi ya rasu, aku dukiya ne da ke shiga cikin gado, ciyar da shi kuma ana fitar da ita daga abin da mamacin ya bari har a raba, sannan ta koma kan wanda ya faɗa rabonsa.

Allah ne Mafi sani.