Ƙurar Hunturu da Raunin Sabis: Sake Duba Wata Da'awa daga Tambuwal da Kebbe

Da'awar cewa ƙurar hunturu ce ke raunana sabis ɗin wayar salula a arewa maso yammacin Najeriya ta daɗe tana yawo, tun daga rumfunan masu cajin waya har cikin mujallun kimiyya. Binciken da ake kafa ta a kansa kusan salonsa ɗaya ne. Mai bincike ya ajiye waya a wuri guda, ya riƙa rubuta ƙarfin siginar da take kamawa tsawon watanni, ya jera alƙaluman da na zafi da laima da nisan gani, ya ga suna hawa da sauka tare, sai ya yanke hukunci cewa hazo ne ke shanye sigina. Awon kansa yana iya zama daidai. Hukuncin ne da wuya ya tsaya, musamman a ƙasa irin ta Tambuwal da Kebbe, inda bayanai mafi sauƙi ke jibge ba a taɓa su ba.

Tarihin GSM a Najeriya sananne ne: gwanjon lasisin GSM da hukumar NCC ta yi a Janairun 2001, fara aikin Econet da MTN a Agustan shekarar, zuwan Globacom a 2003, da dokar sadarwa ta 2003 wadda ta tanadi asusun USPF don kai sadarwa karkara. Abin da ya shafi wannan muhawara shi ne zangon da ake aiki da shi. Tsakanin turken sadarwa da wayar hannu ana amfani da megahaz 900 da 1800 ga 2G, da 2100 ga 3G, sannan 4G ya shigo da irin su 800 da 2600. A karkara ƙananan zangunan ne abin dogaro domin su ke cin nisa. Garin Tambuwal yana bisa babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, kuma turaku hanya da kasuwa suke bi. Kebbe, mai iyaka da Zamfara da Kebbi, tana gefe, ƙauyukanta a warwatse.

A megahaz 900 tsawon igiyar rediyo ya kai kimanin santimita 33. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ƙwayarta akasari ba ta wuce 'yan gomomin maikron ba, maikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Igiyar ta fi ƙwayar girma sau dubbai. Abu mai ƙanƙanta haka ba ya watsa igiya ko shanye ta yadda za a ji, balle kuma busasshe ne, ba ruwa a jikinsa. Lissafin Chu na 1979 da aikin Ghobrial da Sharief a Sudan a 1987 sun karkata ga abu ɗaya: asarar da ƙura ke jawowa tana zama abin lura ne a manyan zanguna, sama da gigahaz 10, kuma sai guguwar ta yi kaurin da ba a gani sai 'yan mitoci. Hazon Sakkwato yana hana jirgi sauka, yana fasa leɓe, amma haske da igiyar rediyo ba abu ɗaya ke tare su ba. Ido ne ke yaudarar mai bincike a nan.

Nisa kuwa lissafinsa a fili yake. Tsarin da Hata ya fitar a 1980 daga awon Okumura a yankin Tokyo yana nuna cewa, ga turke mai tsawon mita 30, duk sanda nisa ya ninka biyu ana asarar desibel 10 da ɗoriya, wato ƙarfin sigina ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Wanda ke kilomita 8 daga turke yana samun abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na mai kilomita 2 ba. Kafin a zargi ƙura da satar ɗan abin da na'ura ma ba ta iya aunawa, ya kamata a fara tambayar kilomita nawa ne tsakanin ƙauyen da turke mafi kusa, da kuma ko mai wayar yana tsakar gida ne ko cikin ɗakin ƙasa mai rufin kwano.

Masu ra'ayin ƙura suna da amsa, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa lissafi daban, abin da aka auna daban. An ga sigina na sauyawa daga damina zuwa hunturu a wuri ɗaya, da waya ɗaya, nisan bai sauya ba, don haka wani abu a cikin iska ne ya sauya. Suna ƙarawa da cewa tsare-tsaren Hata da na COST-231 an gina su ne a Japan da Turai, babu hunturu a cikinsu, ba a kuma da hurumin ƙaryata awon gida da lissafin baƙi. Rabin maganar nan gaskiya ne. Tsarin da aka auna a Tokyo yana buƙatar gyara kafin ya dace da filin garuruwan yankin irin su Dogon Daji ko Jabo, kuma masu yin wannan gyara suna aiki mai amfani. Sai dai girman ƙwayar ƙura da tsawon igiya ba na Japan ba ne.

Ɗaya rabin ne ke da rauni. Ba iska kaɗai ke sauyawa tsakanin damina da hunturu ba. A watan Agusta gero da dawa sun fi mutum tsawo, itatuwa sun cika da ganye mai ruwa, ƙasa jiƙe take. A Janairu an girbe, fili ya buɗe, ƙasa ta bushe, kuma yadda take mayar da igiya ya sauya. Ko itatuwan ba tafiyarsu ɗaya ba: gawo yana zubar da ganye da damina ya tsiro shi da rani, saɓanin sauran, don haka hanyar da gawo ya yi wa yawa za ta nuna akasin maƙwabciyarta. Yawan masu kira ma yana sauyawa da kaka da ranar kasuwa, kuma a tsarin 3G da'irar da turke ke iya riƙewa tana tsukewa idan jama'a sun yi yawa. Ga kuma wayar hannu, wadda awonta ke iya kaucewa da desibel da dama saboda yadda aka riƙe ta kawai. Bayan haka, a hunturu ƙura da sanyi da bushewar iska tare suke zuwa. Dangantakar da aka samu da nisan gani za a same ta da laima, a same ta da zafi. Alƙaluman da ba su raba ukun nan ba, ba su da ikon nuna wa ɗaya yatsa. Yawancin rahotannin ma alƙaluman yanayi na tashar NiMet da ke filin jirgin saman Sakkwato suke iya samu, tashar da ke sama da kilomita 80 daga Tambuwal.

A nan dole a taƙaita da'awar zuwa abin da hujja ke iya ɗauka. Abin da aka rushe shi ne cewa ƙura na shanye sigina tsakanin turke da waya. Ba a ce hunturu ba ya taɓa sabis ba. Turken karkara da faiba ba ta kai masa ba yana haɗuwa da ɗan'uwansa ne ta faifan maikrowef, a zanguna irin su gigahaz 7 zuwa 23, kuma wannan hanya siririya ce mai jin yanayi. Da daren hunturu ƙasa kan huce da sauri, iska mai sanyi ta kwanta ƙarƙashin mai ɗumi; a bakin fadama iska mai laima ta kwanta ƙarƙashin busasshiya. Irin wannan hawa-hawa yana lanƙwasa igiya, ta kauce wa faifan da aka saita mata ko ta iso ta hanyoyi biyu masu kashe juna, kamar yadda shawarwarin ITU-R P.453 da P.530 suka bayyana. Idan turke ɗaya ya rasa mahaɗarsa, duk na bayansa a jeri sun mutu. Wannan bayani yana da alamar da za a gane shi da ita: matsalar za ta fi tsanani cikin dare da asuba, ko hazo ya yi kauri ko bai yi ba, ta kuma sake bayyana da bazara, lokacin da iskar damina mai laima ke kutsawa ƙarƙashin ta hamada. Ga dukkan alamu, wani ɓangare na abin da ake ɗora wa ƙura nan ya dosa.

Akwai kuma inda ƙura ke da laifi na zahiri, amma a ƙasa yake. Turakun karkara da janareto da batir da farantin sola suke rayuwa. Ƙura tana lulluɓe faranti ta rage wutar da yake bayarwa, tana toshe matatar iskar inji, kuma batirin da bai cika da rana ba kan mutu kafin gari ya waye. Mai waya a gari irin Kuchi zai ga sabis ya ɗauke cikin hunturu, ya kuma yi gaskiya idan ya haɗa su, alhali igiya ba ta haɗu da komai a hanya ba, turken ne ya yi shiru. Tsadar man dizal da matsalar tsaro a hanyoyin kai shi sun ƙara wa wannan nauyi. Wani lokaci ma dalilin na hukuma ne: a Satumban 2021 an rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, bayan Zamfara ta yi haka a farkon watan. Duk jerin alƙaluman da ya ratsa wannan lokaci sai an tace shi.

Awon da zai raba gardama bai fi ƙarfin sashen kimiyyar lissafi da fiziks na jami'a irin ta Usmanu Danfodiyo ba, wadda ke da cibiyar binciken makamashi a gida. Ana buƙatar na'urar karɓa da aka daidaita, a kafe ta ba a hannu ba, tana sauraron tashar turken da ƙarfinta ba ya sauyawa da yawan masu kira. Ma'aunin zafi da laima a tudu biyu, ƙasa da saman turke, domin bambancinsu ne ke lanƙwasa igiya. Ma'aunin ƙura a wurin, ba a Sakkwato ba. Da shekara guda cur don damina da kaka da hunturu da bazara su shiga. Abu mafi wuyar samu shi ne littafin ɗaukewar wuta da katsewar mahaɗa na kowane turke, wanda ke hannun kamfanonin sadarwa da masu hayar turaku irin su IHS da American Tower. Alƙaluman masu layi da ake wallafawa na jiha ne, ba sa nuna Kebbe daban da birnin Sakkwato, kuma NCC ce ke da ikon neman wannan littafi ta buɗe shi ga masu bincike.