Jijjigar Masu Ciki Daga Mabiyiya Take Farawa: Abin da Maikuro-RNA Ke Nuna wa Gaya

Idan aka kawo mai juna biyu asibitin gundumar Gaya ta jihar Dosso tana jijjiga, dangi kan ce abin ya faɗo mata ne rana tsaka, wasu ma su ɗora shi a kan iska. Ilimin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa ciwon ya yi watanni yana ginuwa a cikin mabiyiya.

A watannin farko, ƙwayoyin mabiyiya kan kutsa bangon mahaifa su buɗe ƙananan jijiyoyinta, jini ya riƙa kwarara a yalwace. Idan aikin ya tsaya rabi, mabiyiya kan yi ƙishin iskar oksijin. A 2003 Ananth Karumanchi da abokan aikinsa a Boston suka nuna cewa irin wannan mabiyiya tana zuba furotin sFlt-1 cikin jinin uwa, shi kuma ya kame VEGF da PlGF, waɗanda ke raya jijiyoyin jini. Daga nan sai hawan jini bayan mako na 20, da furotin a fitsari.

Akwai masu juya akalar wannan lamari. Maikuro-RNA zare ne gajere mai harafi kusan 22; ba ya ƙera furotin, aikinsa shi ne ya manne wa saƙon da zai ƙera shi ya rage masa ƙarfi. Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano shi a 1993 a jikin wata 'yar tsutsa, aka ba su kyautar Nobel a 2024. Wanda aka fi bin sawunsa a wannan ciwo shi ne miR-210. Ƙarancin oksijin ke tayar da shi, tun 2007 aka same shi da yawa a mabiyiyar masu ciwon, kuma gwaji ya nuna yana rage wa ƙwayoyin mabiyiya ƙarfin kutsawa. Wato ƙishin kan haifi abin da zai ƙara shi. Da yake waɗannan zarurruka na shiga jinin uwa, ana fatan wata rana ɗigon jini ya tona ciwon da wuri.

Ranar ba ta zo ba. Har yau gwajin bai bar ɗakin bincike ba, kuma galibin mabiyiyoyin da aka nazarta daga Sin, Turai da Amurka suke, abin da nake ganin ya kamata ya dami Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai.

Amma darasin ya riga ya iso bakin kogin Kwara, inda Gaya take. Tunda ɓarnar ta farkon ciki ce, al'adar ɓoye ciki don kunya har sai ya fito fili tana cinye lokacin da ƙaramin asfirin zai yi amfani ga mai haɗari, domin an fi son a fara shi kafin mako na 16. Tsakanin Gaya da babban asibitin Dosso kuwa tafiyar kilomita kusan 150 ce. Saboda haka kowace cibiyar lafiya ta ƙauye tana bukatar na'urar awon jini mai aiki, da tsinken gwajin fitsari, da allurar magniziyam salfet, wadda gwajin Magpie na 2002 ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi.