Daga Handil Zuwa Makulli: Tarihin Akwatin Dalmar Da Ke Tayar Da Mota

A cikin duk kayan da ke ƙarƙashin bonet ɗin mota, da wuya a sami wanda ya kai batir tsufa. An sauya fasalin inji, an shigo da kwamfuta, an yi watsi da kabireto, amma wannan baƙin akwati mai nauyi yana nan yana aiki bisa dabarar da aka gano tun 1859, shekaru fiye da ashirin kafin Karl Benz ya ƙera motarsa ta farko mai amfani da fetur. Ƙa'idojin da bakanike ke jaddada wa sabon mai mota ranar da batirinsa ya mutu, wato wace waya za a fara kwancewa da wadda za a ɗaura a ƙarshe, duk daga wannan tarihi suka samo asali.

A 1800 ne Alessandro Volta, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da ƙyallen da aka jiƙa da ruwan gishiri, ya samar da lantarki mai gudana ba yankewa. Aibin wannan batir shi ne idan ya ƙare, ya ƙare ke nan. Gaston Planté, Bafaranshe, shi ya warware matsalar a 1859. Ya naɗe faranti biyu na dalma da roba a tsakaninsu, ya tsoma su cikin ruwan asid, ya gano cewa idan batirin ya yi sanyi ana iya tura masa lantarki ta baya ya farfaɗo. Wannan shi ne batir na farko da ake iya yi wa caji. A 1881 wani Bafaranshen, Camille Faure, ya shafa wa farantan kwaɓin sinadarin dalma, abin da ya ƙara musu ƙarfi, ya kuma sauƙaƙa ƙera su da yawa a masana'anta.

Abin mamaki, motocin da suka fara cin moriyarsa ba na fetur ba ne. A 1899 Camille Jenatzy ɗan Beljiyam ya zama mutum na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a awa cikin mota, kuma motar tasa da batir take tafiya. Motocin fetur na wancan zamani kuwa da yawansu ba su da batirin caji ko kaɗan. Fitilunsu na gas ne ko na mai, kuma da ƙarfin damtse ake tayar da su: a zura wani lanƙwasasshen ƙarfe, handil, ta gaban mota, a murɗa har inji ya kama. Idan wuta ta tashi a cikin inji kafin lokacinta, handil ɗin yakan dawo baya da ƙarfin gaske, ya karya yatsa ko wuyan hannu, wani lokaci har muƙamuƙi.

Riwayar da ta shahara a tarihin motocin Amurka ita ce ta Byron Carter, mai kamfanin Cartercar, wanda aka ce ya tsaya taimakon wata mata da motarta ta mace a kan gadar Belle Isle a birnin Detroit, handil ya dawo ya fasa masa muƙamuƙi. Carter ya rasu a 1908. An ce rasuwarsa ce ta sa Henry Leland, shugaban kamfanin Cadillac, ya ƙudiri niyyar raba mota da handil. Wanda ya cika masa wannan buri shi ne Charles Kettering, injiniyan da ya taɓa ƙera ƙaramin injin lantarki mai buɗe akwatin kuɗin kanti a kamfanin National Cash Register. Daga can ya koyi cewa ƙaramin inji yana iya ba da ƙarfin da ya wuce girmansa, muddin na 'yan daƙiƙu ne kawai. Motar Cadillac ta 1912 ta fito da kik na lantarki, da fitilun lantarki, da na'urar da ke mayar wa batir cajinsa yayin da inji ke aiki. Ford ta bi sahu a kan Model T a 1919. Da haka tuƙi ya buɗe wa mata da dattawa da duk wanda murɗa handil ya gagara, kuma batirin Planté ya taimaka wajen durƙusar da motocin lantarkin da suka fara ɗaukaka shi, domin babbar fa'idarsu a kan na fetur ita ce sauƙin tayarwa.

Shekaru kusan arba'in motoci suna amfani da batir mai ƙarfin bolt 6. Da injuna suka ƙara girma a shekarun 1950, masu ƙera motoci a Amurka suka koma bolt 12, ita kuwa Volkswagen Beetle sai a 1967 ta bi su. Lissafin ba shi da wuya: kowane ɗaki a cikin batir yana ba da kimanin bolt 2.1, ɗakuna shida kuwa 12.6, wanda shi ne abin da mita ke nunawa a kan lafiyayyen batir mai cikakken caji. Yayin da batir ke ba da wuta, wani farin sinadari yana taruwa a kan faranta, asid ɗin kuma yana tsinkewa. Caji yana narkar da shi, amma idan aka bar batir a mace tsawon makonni sinadarin yakan daskare, ya ƙi narkewa. Shi ya sa motar da aka ajiye ba a tayarwa take kashe batirinta. Zafi ma yana ƙafar da ruwan ciki, yana cinye faranta, don haka batir ba ya yin tsawon rai a Kano ko Maiduguri ko Agadas kamar yadda yake yi a ƙasashe masu sanyi.

Akwai wata shawara da injiniyoyi suka yanke tun farko wadda ta shafi hannun duk mai riƙe da sifana a yau. Don rage yawan waya, sai suka mai da ƙarfen jikin motar kansa hanyar da lantarki ke bi ya koma batir. Da farko ba a daidaita ba: motocin Ford har zuwa tsakiyar shekarun 1950, da yawancin na Ingila har zuwa shekarun 1960, kan batir mai alamar ƙari suke haɗawa da bodi. Zuwan altanato da rediyo mai turansista ya sa duniya ta tsaya a kan mai alamar ragi. Ma'anar wannan ita ce, a motar zamani, duk ƙarfen da ido ke gani a ƙarƙashin bonet tamkar baƙar waya ne. Idan mutum ya fara da jan kan, sifanarsa ta goga jikin mota, to ya haɗa kawunan batir biyu kai tsaye, kuma batirin da ke iya tura ɗaruruwan amfiya ga kik zai iya narkar da ƙarfe, ya toya yatsan da ke sanye da zobe. Idan kuwa ya fara cire baƙin, ya datse hanyar komawa, sauran aikin ya zama lafiya. Saboda haka tsarin yake: a kashe mota a zare makulli, a kwance na ragi, sannan na ƙari, a saki ƙarfen da ke danne batir, a ɗago shi a tsaye. Wajen ɗaurawa sai a juya tsarin, na ƙari da farko, na ragi a ƙarshe. Ba a kusantar wurin da taba ko ashana, domin batir yana fitar da iskar haidirojin mai saurin kamawa da wuta. Batirin da ba a ƙara wa ruwa, wanda ya bazu tun shekarun 1970, ya rage wahala amma bai soke ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji ba. Motoci na baya-bayan nan ma sun ƙara nasu sharaɗi: wasu sai an sanar da kwamfutarsu cewa an sa sabon batir, wasu kuma rediyonsu yakan kulle ya nemi lambar sirri.

Babin da ya fi nauyi a wannan tarihi yana farawa ne bayan an cire tsohon batir. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, kuma dalma tana da kuɗi, shi ya sa masu sayen tsofaffin ƙarafa ke nemansa ruwa a jallo. A Amurka kusan kashi 99 cikin 100 na irin waɗannan batura suna komawa masana'anta a narke su a sake ƙerawa. Inda babu irin wannan tsari, da gatari ake fasa su a tsakar gida, a zubar da asid a ƙasa, a narka dalma a buɗaɗɗiyar wuta. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen birnin Dakar na Senegal, yara 18 ne suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, bayan ƙurar dalmar tsofaffin batura ta cika gidaje da ƙasar da suke wasa a kai. A Mombasa ta Kenya, gwagwarmayar Phyllis Omido da wata masana'antar narka batir a unguwar Owino Uhuru ta kai ga rufe ta, ta kuma sami lambar yabo ta Goldman a 2015. Mutanen Zamfara sun san irin wannan guba tun 2010, lokacin da dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara. Yaron da ya tsira ma, illar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwarsa ba ta gyaruwa.

Kettering ya raba direba da karayar hannu, amma haɗarin bai gushe ba, wuri kawai ya sauya: daga gaban mota ya koma bayan gida, inda ake jingine mataccen batir kusa da randar ruwa ko wurin wasan yara. Canza batir aikin minti goma sha biyar ne ga wanda ya kiyaye tsari, kuma bai kammala ba sai tsohon ya koma hannun dillalin da aka sayi sabon a wurinsa, a tsaye, ba a fasa shi ba, ba a kuma zubar da ruwansa ba.