Haddar Kalmomin Ingilishi da Jarabawar JAMB: Waɗanne Kalmomi, Kuma Daga Ina?

Duk ɗalibin da ke neman gurbi a jami'a ko kwalejin ilimi a Nijeriya sai ya bi ta hannun JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Jarabawarta, wadda tun 2015 ake yin ta kacokan a kwamfuta, tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, kuma 60 daga ciki na Ingilishi ne, darasin da ba a ɗauke wa kowa shi, ko da Hausa ko Larabci mutum zai karanta. Wannan matsayi ya buɗe kasuwar cibiyoyin lesin da 'yan ƙananan littattafai masu jero manyan kalmomi, kowace da kishiyarta da mai kama da ita a ma'ana, ɗalibai suna bi suna haddacewa. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, illar wannan hanya ba daga haddar take ba. Daga zaɓen kalmomin take, da kuma raba su da matanin da ke ba su rai.

Mu fara da batun zaɓe. Binciken Paul Nation na 2006 ya nuna cewa mai karatu na bukatar sanin kimanin kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, kuma hakan na bukatar tsatson kalmomi 8,000 zuwa 9,000 idan jarida ko littafin labari ne. Sai dai kalmomin ba darajarsu ɗaya ba. Guda 2,000 da Michael West ya tattara a 1953 su ne ke ɗauke da mafi yawan kowane shafi. A bayansu akwai wani rukuni da Averil Coxhead ta fitar a 2000, bayan ta tace rubuce-rubucen jami'a masu kalmomi kusan miliyan uku da rabi: tsatso 570 kacal, amma sun kai kusan kashi goma cikin ɗari na rubutun ilimi. Kalmomi ne marasa ƙawa, irin waɗanda ake bayyana dalili da sakamako da sharaɗi da kwatanci da su. Littattafan kasuwa kuwa tsallake wannan rukuni suke yi, su faɗa kan baƙin kalmomin da mutum zai karance littafi guda bai ci karo da su ba, domin su ne ke burge mai saye. Ko a Amurka, inda wannan al'ada ta yi ƙarfi, masu shirya jarabawar SAT sun sauya tsarinta a 2016, suka rage irin waɗannan kalmomi, suka koma gwada ma'anar kalma a cikin zance.

Tsarin JAMB ɗin kansa ma bai goyi bayan jeri ba. Idan aka ce ɗalibi ya zaɓi mafi kusa a ma'ana ko kishiya, a cikin jimla ake sa kalmar, kuma zaɓuɓɓukan kan haɗa da ma'anar da ke daidai a ƙamus amma ba ta dace da wannan jimlar ba. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya tilo shi ne ke faɗawa wannan tarko, yana murna ya gane kalmar. Ga kuma lokaci: idan aka raba awa biyu a kan tambayoyi 180, daƙiƙa 40 ke zuwa wa kowace. Kalmar da sai an tsaya an lalubo ta, an juya ta zuwa Hausa a zuci sannan a dawo, ta riga ta cinye rabon tambaya ta gaba.

Wani zai ce hadda gadonmu ce, al'ummar da yaranta ke haddace izu sittin ba za a tsoratar da ita da kalmomi dubu ba. Gaskiya ne, amma a duba abin da ake haddacewa. Malaman zaure da suke son almajiri ya ƙoshi da luggar Larabci ba jerin kalmomi suke miƙa masa ba. Ishiriniya da Muƙamar Hariri suke biya masa, malam yana fassara kalma bayan kalma a inda marubuci ya ajiye ta, ta zo da maƙwabtanta da yanayinta. Kuma ba a taɓa raba hadda da tilawa ba. Abin da Hermann Ebbinghaus ya auna a 1885, cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko kuma maimaitawa a kan tazara ce maganinta, gardawa sun daɗe suna aiki da shi. Ɗalibin da ke cusa kalma hamsin a dare ɗaya bai sake waiwayarsu ba, sunan hadda kawai ya ara.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Yaron da ya fito daga makarantar da babu ɗakin karatu, wadda ko darasin Ingilishi da Hausa ake bayaninsa, saura wata uku jarabawa, faɗa masa ya yawaita karatu kamar zolaya ce. Kalma ba ta zama a kai sai an haɗu da ita sau da dama. Dole a karɓi wannan, kuma shi kansa Nation yana goyon bayan koyon kalmomi da gangan, a rubuce a katuna. Abin da ya rage shi ne inda za a samo su. Ɗalibi na da matani a hannu: littafin da hukumar ke ɗorawa, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli ko The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba da ya biyo bayansa, da tambayoyin shekarun baya, da littattafan sauran darussansa uku. Idan daga nan ya tsamo kalmominsa, ya rubuta kowace da jimlarta, ya riƙa bitarsu, to ya haɗa saurin hadda da zurfin karatu, kuma ribar ta shafi mafi yawan tambayoyi 180, tunda Kimiyya da Tarihi ma da Ingilishi ake tambayarsu. Abin takaici, da yawa taƙaitaccen bayanin littafin suke saya don amsa 'yan tambayoyin da ke fitowa daga cikinsa, su bar shafukan da kalmomin ke zaune a ciki.

Wannan dabara tana da iyaka. Wata uku ba sa cike giɓin shekara goma sha biyu, kuma tsatso 8,000 aiki ne na firamare da sakandare, ba na cibiyar lesin ba. Amma rukunin Coxhead mai 570 abu ne da malamin aji huɗu zuwa shida na sakandare zai iya rarrabawa a zango tara, kimanin 63 a kowane zango, yana ciro su daga littattafan da ɗalibansa ke riƙe da su.