Ciwon Damuwa da Mahaɗar Jijiyoyi: Tarihin Wani Bincike

A wajen shekarar 2015, lokacin da ɓarayin shanu suka mai da dajin Falgore mafakarsu, mutanen ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada sun daɗe suna kwana cikin zullumi. An ƙidaya shanun da aka sace da waɗanda aka ƙwato. Abin da bai ƙidayu ba shi ne makiyayin da ya daina barci, ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa jama'a, har dangi suka ce iskoki ne ko raunin tawakkali. Likitoci kuwa ciwon damuwa suke kiran wannan hali, kuma fahimtarsa tana da tarihi.

A 1897 Charles Sherrington na Ingila ya raɗa suna ga ɗan wurin da jijiyar ƙwaƙwalwa ke miƙa wa 'yar'uwarta saƙo, watau mahaɗar jijiyoyi. Magungunan farko kuwa a kan hanya aka tsince su. A 1952 aka lura a Amurka cewa wani maganin tarin fuka yana sa majinyata walwala, sannan a 1957 Roland Kuhn na Suwizalan ya ba da rahoton amfanin imipramine. Tun da irin waɗannan magunguna suna ƙara sinadaran da ke kai saƙo a mahaɗar, sai aka ɗauka ƙarancin sinadari ne tushen ciwon. Amma fa da sauran rina a kaba: sinadarin yakan ƙaru cikin sa'o'i, alhali mai ciwo sai ya yi makonni kafin ya ji sauƙi.

Amsar ta ɓullo daga binciken matsin rayuwa. Idan mutum ya firgita, jikinsa yakan saki sinadarin kotizol domin ya tsira. Idan firgicin ya ƙi ƙarewa, abin kariya sai ya koma abin cutarwa. A 1992 Bruce McEwen da abokan aikinsa suka nuna cewa makonni uku na takura kullum suna tsuke rassan jijiyoyi a sashen ƙwaƙwalwar ɓera mai kula da tunawa. A 2012 ɗakin binciken Ronald Duman a Jami'ar Yale ya tarar da ƙarancin mahaɗai a gaban ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi fama da ciwon. Bugu da ƙari, a 2010 masanan Yale ɗin sun ga ketamine yana tsirar da sababbin mahaɗai a ɓeraye cikin kwana guda. Daga nan masana da dama suka karkata ga cewa aikin magani shi ne buɗe wa ƙwaƙwalwa hanyar sake ƙulla abin da ya tsinke, wanda kuwa gini ne, ba ya yiwuwa a dare ɗaya.

To, wannan tarihi yana da darasi ga ɗalibi da ma'aikacin hukuma. Na farko, wanda ya watsar da magani bayan mako guda don bai ga canji ba, ya tsige shuka ne kafin ta yi saiwa. Na biyu, tun da doguwar fargaba tana barin tabo a ƙwaƙwalwa, tsaron ƙauye da biyan albashi kan kari suna cikin rigakafi. A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Amma tsakanin Riruwai da asibitin Dawanau tafiya ce mai nisa, kuma dokar ba za ta amfani makiyayin nan ba sai ranar da ƙaramin asibitin garinsu ya iya gane ciwonsa.