Hamamin Santambul da Baƙon da Ya Karanta Risala

Almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidil Ƙairawani a zauren malaminsa, ya zo inda aka hana namiji shiga hamami, wato gidan wankan jama'a, sai ya ɗaura zane a ƙugu, aka kuma hana mace sai da larurar ciwo, galibi yakan haddace hukuncin ba tare da ya taɓa ganin abin da ake yi wa hukuncin ba, domin a ƙasar Hausa wanka sha'ani ne na sirri, mutum da ƙwaryarsa da sosonsa a bayan danga. Sai ranar da Allah Ya kai shi Santambul, ya tsaya a ƙofar hamamin Camberlitash, wanda mashahurin magini Sinan ya gina a 1584 da umarnin Nurbanu, mahaifiyar Sarkin Musulmi Muradu na Uku, sannan karatun zai faɗo masa.

Asalin abin na Rumawa ne. Musulmi sun tarar da shi a Sham da Masar, suka karɓi hikimar hura wuta a ƙarƙashin daɓe don zafi ya ratsa dutse, amma suka bar kududdufin da Rumawa ke tsunduma a ciki baki ɗaya, saboda ma'abota tsarki sun fi natsuwa da ruwan da ake kamfata a kwarara a jiki. Malamai kuwa ba su daina sa ido ba: Ibnu Baɗuɗa, da ya shiga wani hamami a Minya ta Masar ya iske mutane tsirara, bai zame ko'ina ba sai wurin hakimin garin, ya kai ƙara.

Baƙo zai fara da ɗakin tuɓe kaya, inda za a miƙa masa zanen da Turkawa ke kira feshtamal, ya ratsa ɗaki mai ɗumi, ya iso ƙarƙashin babbar ƙubba mai ƙananan tagogin gilashi, wadda a tsakiyarta akwai dakalin marmara mai zafi. A nan zai kwanta har gumi ya keto, sannan ma'aikacin da ake ce wa tallak ya zo da safar hannu mai kaushi, ya cuɗe shi cuɗar da za ta fito da dauɗar da bai san yana ɗauke da ita ba. Kunyar Bahaushe takan sha wuya a wannan dakali, ko da yake al'aura a rufe take, kuma sashen mata dabam yake.

Abin da baƙi suka fi gafala da shi shi ne, waɗannan gine-gine an yi su ne a matsayin waƙafi: a da, kuɗin wankan jama'a ne ke ɗaukar nauyin masallatai da makarantu. Hamamin Jagalolu, wanda Sarki Mahmudu na Ɗaya ya gina a 1741, an yi shi ne don ya riƙe ɗakin karatun da ke masallacin Aya Sofiya, kuma shi ne babba na ƙarshe, domin a 1768 aka hana gina irinsa saboda ƙarancin ruwa da itace.

Da famfo ya shiga gidaje, jama'ar birni suka ja baya. Yau manyan hamamai na masu yawon buɗe ido ne, da tsada. Mai son ganin al'adar yadda take, ya nemi ƙaramin hamamin unguwa.