Masu Tsaron Numfashi: Tarihin Horar da Nas-nas Masu Sa Barcin Tiyata, Daga Amurka Zuwa Umbadda

Idan haihuwa ta gagara aka shiga da mace ɗakin tiyata, bayan ikon Allah ranta yana hannun mutum biyu. Na farko kowa ya san shi, likitan da ke riƙe da wuƙa, wanda dangi ke jira a bakin ƙofa su yi masa godiya. Na biyu yana tsaye ta wajen kanta. Shi ya yi mata allurar baya ko ya sa ta barci, kuma shi ke lura da numfashinta da bugun zuciyarta har a gama. A Sudan, kamar dai a Kano ko Maraɗi, sau da yawa wannan mutum ba likita ba ne. Nas ne da aka ƙara wa horo, ko ma'aikacin da ya karanci sa barci zalla.

Umbadda wuri ne da ya dace a yi wannan magana a kansa. Tana yammacin Umdurman, a yankin babban birnin Sudan, ta cika ta batse cikin ƙanƙanin lokaci, musamman bayan farin 1984 da 1985 da ya koro mutanen Kordofan da Darfur zuwa gefen birnin. A ƙidayar 2008 mutanenta sun kusa miliyan ɗaya. Jama'a ce mai yawan haihuwa da ƙarancin abin hannu, ba masu iya tashi zuwa Alƙahira neman magani ba. Babban birnin Sudan kuma ba baƙon wuri ba ne ga Hausawa, domin hanyar aikin hajji ta ƙasa ta bar jikokinmu birjik a ƙasar, tun kafin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 har bayanta. Saboda haka wanda ke tsaye a kan majinyaci a can, wataƙila a kan ɗan'uwanmu yake tsaye.

Asalin sana'ar kuwa can nesa yake. Ranar 16 ga Oktoba, 1846, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa majinyaci sinadarin ether a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, aka yi masa aiki bai yi ihu ba. Shekara guda bayan haka James Simpson ya fara amfani da kulorofom a Edinbura. Kafin wannan, gwanin tiyata shi ne mai saurin hannu, kuma ƙarti ne ke danne majinyaci. Sai dai sabon maganin ya zo da tasa matsalar. In ya yi kaɗan mutum ya farka ana tsakiyar aiki, in ya yi yawa numfashi ya tsaya. A Amurka an riƙa miƙa kwalbar ga ɗalibin likita ko ƙaramin likita, wanda hankalinsa ke kan wuƙar maigidansa domin ita ya zo koyo. Mutane suka yi ta mutuwa ba don aikin ya ɓaci ba, sai don babu mai kallon ƙirjinsu.

Nan likitocin tiyata suka juya ga nas-nas, waɗanda za su ɗauki aikin a matsayin sana'arsu, ba matakin wucewa ba. Ana ambaton Sista Mary Bernard, wadda ta fara a asibitin St. Vincent na garin Erie a 1877, cikin na farko-farko. Wadda ta fi shahara ita ce Alice Magaw, da ta yi aiki da likitocin gidan Mayo a Minnesota. A 1906 ta buga rahoton sa barci fiye da dubu 14 ba tare da an rasa rai ko ɗaya saboda maganin ba. Abin da ya fi burge ni a labarinta ba yawan adadin ba ne, rubutawar ce. Ta lura, ta ƙirga, ta rubuta, har likitoci suka riƙa zuwa daga nesa su ga yadda take yi. Daga nan aikin hannu ya soma zama ilimin da ake koyarwa.

Makarantar farko ta buɗe a 1909 a Portland ƙarƙashin Agnes McGee. A 1915 Agatha Hodgins ta kafa tata a asibitin Lakeside na Cleveland, ita ce kuma ta haɗa kan 'yan sana'ar cikin ƙungiya ta ƙasa a 1931. Ba a bar su sun sha ruwan sanyi ba. Wasu likitoci sun kai ƙara cewa sa barci aikin likita ne, amma kotun Kentucky a 1917, da ta California a shari'ar Dagmar Nelson a tsakiyar shekarun 1930, suka tabbatar wa nas-nas damarsu. Abin da ƙungiyar ta yi bayan nan shi ne ya kare ta har yau: ta tsananta wa kanta. Ta fara jarrabawar ƙasa a 1945, ta fara tantance makarantu a 1952. Zuwa 1998 dole kowace makaranta ta zama ta digiri na biyu, kuma daga 2022 duk wanda aka ɗauka digirin dakta zai yi.

Yau mai neman shiga a Amurka sai ya zo da digirin farko, da lasisin aikin jinya, da aƙalla shekara guda cur yana aiki a sashen kulawa ta musamman, inda ake jinyar waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa. Karatun ba ya gaza shekara uku. Ba zai fita ba sai ya cika sa'o'i 2,000 a asibiti, ya sa barci fiye da sau 600 a idon malami, a kan yara da tsofaffi da masu ciki, sannan ya ci jarrabawar ƙasa.

Ingila ba ta bi wannan hanya ba. A can tun farko likitoci ne suka riƙe sa barci, suka kafa masa difloma a 1935, jami'ar Oxford ta naɗa Robert Macintosh farfesan fannin a 1937. Wannan ra'ayi, cewa sa barci na likita ne, shi Turawan Ingila suka zo da shi Sudan bayan yaƙin Karari na 1898, kamar yadda suka kai shi Nijeriya. Amma ina likitocin? Makarantar likitanci ta Kitchener ta buɗe a Khartum a 1924, ɗalibanta na farko da suka fita a 1928 su bakwai ne kacal, a ƙasar da ta fi kowace girma a Afirka a lokacin.

Dole ta sa gwamnati ta dogara da ma'aikatan tsakiya. Aka riƙa zaɓen ma'aikatan jinya da suka goge a ƙara musu horo su zama mataimakan likita, su riƙe ƙananan asibitocin karkara. Umdurman ta zama cibiyar irin wannan koyarwa. A nan ne Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozoma a 1921, inda ta koya wa matan da ba su iya karatu ba su gane magani ta ƙanshinsa da ɗanɗanonsa, kuma daga cikin ɗalibanta aka sami irin su Sitti Batul Muhammad Isa, wadda ta zama malama a makarantar. Wannan makaranta ba ta koyar da sa barci ba, amma ta kafa wata aƙida da ta zauna a aikin lafiyar Sudan: a ɗauki mutumin da ke wurin, a koya masa aiki ɗaya ya iya shi sosai, a riƙa bibiyarsa.

Mataimakin sa barci daga wannan tsatso ya fito. Nas ne da ya yi shekaru a ɗakin majinyata, aka tura shi babban asibiti ya koya, ya dawo ya riƙe ɗakin tiyata, sau da yawa shi kaɗai, ba wani ƙwararren likitan fannin a kusa. Kayan aikin zamanin sun dace da shi. Na'urar shaƙa ether da aka ƙera a Oxford a shekarun 1950 ba ta bukatar wutar lantarki ko tukunyar iskar gas, shi ya sa ta bazu a asibitocin Afirka. Daga 1970 kuma aka sami ketamin, allurar da ke gusar da hankali amma galibi ta bar mutum yana numfashi da kansa. Allah kaɗai ya san yawan matan da allurar baya da ketamin suka ceta a hannun waɗannan bayin Allah. Ga shi dai a takarda Sudan ta gaji ra'ayin Ingila, a ɗakin tiyata kuwa halin Amurka ta tsinci kanta, sai dai ba ta gina wa mutanen nan tsanin da Amurka ta gina wa nata ba. Mutum zai yi shekara ashirin yana sa barci, takardarsa ba ta kai shi jami'a ba, albashinsa bai taka kara ya karya ba.

An yi yunƙurin gyara. Kwalejin jinya ta Khartum ta buɗe a 1956, shekarar samun 'yancin kai, ta fara fitar da nas-nas masu zurfin karatu. A 1995 aka kafa hukumar ƙwarewar likitoci ta Sudan, wadda ke horar da likitocin sa barci a cikin gida. A 2001 aka yi shelar ɗaga karatun jinya da sauran ma'aikatan lafiya zuwa matakin jami'a, sannan a 2005 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta kafa makarantar kimiyyar lafiya mai rassa a jihohi domin cike giɓin nas-nas da ungozoma da mataimaka. A gefe guda, yawaitar jami'o'i tun daga 1990 ta buɗe wata sabuwar ƙofa: yaro ya gama sakandare, makinsa na jarrabawar ƙasa ya kai, ya shiga karatun sa barci kai tsaye ya fito da difloma ko digiri, bai taɓa zama nas ba.

A nan nake da magana. Wannan sabuwar ƙofa ta ba sana'ar mutunci, ta ba matasa ilimin sassan jiki da na magunguna wanda tsofaffin mataimaka ba su samu a aji ba. Amma ta zubar da wani abu. Tsohon mataimaki ya zo da shekarun kwana a kan majinyaci. Ya san yadda leɓe ke sauya launi, ya san zufar da ke nuna jini na zuba a ciki tun kafin awo ya faɗa. Shi ne abin da Amurkawa suka ƙi sakinsa ko da suka kai karatun matakin dakta, suka mai da shi sharaɗin shiga. In akwai abin koyi a tsarinsu, ba sunan digirin ba ne. Ƙasar da ke neman mai sa barci ruwa a jallo ba za ta jira shekara takwas kafin ta sami mutum ɗaya ba. Abin ɗauka shi ne a tabbatar mai shiga ya yi jinyar masu tsananin ciwo, a ƙirga aikin da ya yi a gaban malami, a yi masa jarrabawa ɗaya da kowa ke yi, sannan a bar masa hanyar ci gaba zuwa digiri na biyu ba tare da ya bar sana'ar ba. Nijeriya ta riƙe rabin wannan, domin a asibitin koyarwa na Zariya da irinsa nas mai rajista ake ɗauka a yi masa horon wata 18, sai dai a nan ma tsanin gajere ne.

Kada a ɗauka batun takarda ne kawai. Wani nazari da aka buga a mujallar Lancet Global Health a 2016 ya gano cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kusan kashi 14 cikin ɗari na mutuwar mata bayan tiyatar haihuwa na da nasaba da sa barci, kuma haɗarin ya fi yawa inda ba likita ne ya yi ba. Wasu za su karanta wannan su ce to a hana kowa sai likita. Ban yarda ba, domin ma'anarsa a rufe ɗakin tiyata a yawancin garuruwa. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce a nemi aƙalla likita 5 ga kowane mutum dubu ɗari, yawancin ƙasashen Afirka kuwa ko ɗaya ba su kai ba. Sudan ta daɗe tana horar da likitoci nagari, Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha da Ingila da Ailan suna kwashewa. Wanda ke zama shi ne nas da mataimaki, don haka shi ya fi cancanta a kashe wa kuɗin horo, a ba shi na'urar auna iskar jini da magunguna, a kuma haɗa shi da ƙwararren da zai kira idan abu ya rikice. Majalisar lafiya ta duniya ma a 2015 ta amince cewa tiyata da sa barci suna cikin kiwon lafiya na dole ga kowa.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya rusa yawancin abin da aka gina. Umbadda ta daɗe cikin wuta, kasuwar Libiya da ke cikinta ba ta koma hannun sojojin gwamnati ba sai ƙarshen Maris na 2025. Babban asibitin haihuwa na Umdurman, wanda mutanen gari ke kira Dayat, ya tsaya da aiki, nauyi ya koma kan asibitin Nau da ke arewacin birnin, inda aka yi ta karɓar masu raunin harsashi da masu naƙuda a lokaci guda. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na asibitocin yankunan da ake yaƙi sun daina aiki. Jami'o'in Khartum sun watse, wasu suka koma koyarwa ta intanet, wasu suka kai ɗalibansu jihohin da ke da sauƙi. Ana iya koyon sunayen magunguna ta waya, amma ba a koyon zura bututun numfashi a maƙogwaro sai da majinyaci a gaba da malami a gefe, kuma ɗaliban da yaƙi ya katse wa karatu wannan ɓangaren ne suka rasa. Da yawa daga cikin malaman da za su tsaya musu suna Masar ko Saudiyya, yayin da masu komawa gidajensu a Umbadda ke ƙaruwa, cikinsu har da mata masu juna biyu.